Ilimin Halayyar Ma'aikata: Ƙofar Da Ya Kamata 'Ya'yanmu Su Ƙwanƙwasa

Tun daga shekarar 1925 da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, hannun Bahaushe bai rabu da aiki a ƙasar nan ba. Kakanninmu sun tsinci auduga, sun gyara hanyoyin ruwa, jikokinsu kuma ga su a kasuwanni da masana'antun Khartum da Umdurman. To, amma su wa ke tsara yadda za a ɗauki ma'aikaci, a auna ƙwazonsa, a yi masa ƙarin girma? Mutanenmu nawa ne ke zama a wannan teburi?

Ilimin da ke shirya mutum ga wannan kujera shi ne ilimin halayyar ɗan Adam a wurin aiki, wanda malamanmu ke kira da Larabci ilmun nafsi assina'i wattanzimi. Da yawa daga iyayenmu da zarar sun ji an ce ilmun nafsi, sai hankalinsu ya tafi asibitin Tijani Almahi da ke Umdurman. Ba nan aka dosa ba. Mai wannan fanni ba likita ba ne. Aikinsa shi ne nazarin abin da ke sa ma'aikaci ya zage damtse ko ya yi sanyi, da yadda ake shirya jarrabawar ɗaukar aiki ba tare da son kai ba, da horar da shugabanni, da sasanta rigima tsakanin ma'aikata da masu gida.

Fannin ba baƙo ba ne a duniya. Tsakanin 1924 da 1932 an yi wani shahararren bincike a masana'antar Hawthorne da ke kusa da Shikago ta Amurka, inda aka riƙa sauya hasken fitila da lokutan hutu don ganin tasirinsu. Har gobe masana na muhawara kan fassarar sakamakon, amma daga nan ne aka fara ɗaukar zamantakewar ma'aikata da muhimmanci, ba albashi kaɗai ba.

A nan gida kuwa, Jami'ar Khartum, wadda ta samo asali daga Kwalejin Gordon ta 1902 ta kuma zama jami'a a 1956, tana da sashen ilimin halayya. Haka nan Jami'ar Ahfad ta mata a Umdurman, wadda aka kafa a 1966, ta yi suna a wannan ilimi. Daga gidan da ya kafa ta ne marigayi Farfesa Malik Badri ya fito, wanda a littafinsa na 1979 ya gargaɗi masana Musulmi game da kwaso ra'ayoyin Turawa ba tare da tacewa ba. Ya rasu a 2021.

Wannan gargaɗi nasa ya shafe mu kai tsaye, domin kuwa ma'aunin da aka tsara don ma'aikacin Shikago ba lalle ya dace da leburan Jazira ba. Ɗalibin da ke jin Hausa da Larabci zai zauna da mai tsintar auduga ko mai sayar da shayi, ya ji abin da ba za su faɗa wa baƙo ba. Ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga mai niyyar yin majistir, wato digiri na biyu, ga abubuwan lura. Na farko, jami'o'inmu kan ba da shi ko dai ta hanyar bincike zalla, ko ta darussa tare da bincike, don haka a tambaya tun da wuri ko akwai malamin da zai duba risala a wannan ɓangare. Na biyu, wanda digirinsa na farko ba a ilimin halayya yake ba, ana iya neman ya fara yin babbar difloma. Na uku, a gyara zama da lissafin ƙididdiga da kuma Turanci, saboda yawancin mujallun fannin da shi ake buga su.

Na huɗu kuma shi ne mafi nauyi. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya yi wa gine-ginen jami'o'in babban birni ɓarna, ya tarwatsa malamai, ya sa wasu suka koma karatu ta intanet. Saboda haka kada a biya ko fam ɗaya sai an tabbatar daga jami'ar kanta inda ake karatun, da kuma amincewar Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi. A kuma nemi takardun shaidar digirin farko tun kafin lokaci ya ƙure.

Asibitoci da makarantu da masana'antun Bahri da za a sake tayarwa, da mutanen da suka sha gudun hijira da rashin 'yan uwa za a tayar da su. Dole a samu waɗanda suka san yadda ake tafiyar da irin waɗannan ma'aikata cikin adalci. Iyaye, idan yaro ko yarinya ta zo muku da wannan shawara, ku saurara. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya sa mu dace.