Idan inbata ta mutu: abin da masu cajin waya a Tudun Wada ya kamata su sani kafin su sauya ta

A watan Oktoban 2024, matsalar manyan layukan lantarki ta jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu na sama da mako guda, kuma Zariya ba ta tsira ba. A Tudun Wada, unguwar da ke cike da ɗaliban Kongo da 'yan kasuwa, shagunan caji suka zama wurin da kowa ke rububi. Da ma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tayar da janareto duk yini ya zama asara, shi ya sa da yawa suka koma batir da sola. Ita kuwa inbata ita ce zuciyar wannan haɗi. Ranar da ta tsaya, ciniki ya tsaya.

Mene ne aikinta?

Batir yana ajiye wuta mai ƙarfin bolt 12, wadda ke gudana ta hanya ɗaya. Soket ɗin gida a Najeriya kuwa bolt 230 yake bayarwa. Inbata ce ke mayar da ta batir zuwa irin ta soket. Yawancin waɗanda ake sayarwa suna da caja a ciki, wadda ke yin akasin haka: idan NEPA ta kawo wuta, sai ta sauke ta ta cika batir. Irin wannan na'urar ce ke cikin motocin yawon buɗe ido masu ɗakin kwana a Amurka, sai dai su daga bolt 120 take saukewa.

A gwada kafin a saya

Babbar asarar da ake yi ita ce sayen sabon batir alhali cajar ce ta lalace, ko jefar da inbata mai lafiya alhali batir ne ya gaji. Ƙaramar mitar gwajin wuta tana raba gardama. Batir na dalma da ya cika kuma ya huta yana nuna kimanin 12.6. Idan an kawo wuta kuma caja na aiki, lambar za ta hau zuwa tsakanin 13.6 da 14.4. Idan ba ta motsa ba, wuta ba ta shiga batir, to a duba fiyus da mahaɗin kebul tukuna, domin sau da yawa laifin bai wuce nan ba. Idan kuwa batir ya nuna ya cika amma ya zube ƙasa da 11 da zarar an ɗora masa kaya, to shi ne ya mutu, sabuwar inbata ba za ta tashe shi ba.

Sai kuma ƙurar hunturu. Tana toshe fankar da ke sanyaya na'urar, ta yi zafi ta riƙa kashe kanta. Wani lokacin goge ƙurar kawai ke warware matsalar.

Zaɓen sabuwa

Na farko, ƙarfinta ya dace da batir. Inbata mai bolt 24 ba za ta tashi da batir ɗaya mai 12 ba. Na biyu, a yi lissafin kaya. Waya 20 da kowacce ke jan wat 10 sun kama wat 200, a ƙara fanka da ƙwan fitila. Wadda aka rubuta wa 1kVA galibi wat 800 take iya ɗauka, kuma ta wadatar da irin wannan shago. Na uku, a nemi mai fitar da wuta tsabtatacciya irin ta NEPA, wadda ake rubuta wa pure sine wave. Mai arha tana sa fanka gurnani, tana kuma ɗumama wasu cajojin. Na huɗu, wanda ya koma batirin litiyom ya tabbatar cajar tana da saitinsa, domin ba a cika shi kamar na dalma.

Yadda ake sauyawa

A fara kashe inbata, a cire ta daga wutar NEPA ko janareto. Idan akwai sola, a cire faranti daga kontirola kafin a taɓa batir. Sannan a kwance baƙin kebul na alamar ragi, sai jan kebul na alamar ƙari. Yana da kyau a ɗauki hoton haɗin da waya kafin a kwance komai. Wajen ɗaurawa, ja ne farko, baƙi na ƙarshe. Juya su sau ɗaya kawai na iya ƙona sabuwar na'ura nan take.

Kaurin kebul ba abin wasa ba ne. Jan wat 1,000 daga batir mai bolt 12 na nufin sama da amf 80 ne ke bi ta cikinsa. Siririn kebul zai yi zafi har ya narke, kuma nan gobara ke farawa. A sa mai kauri kuma gajere, a ɗaure shi tamau, a sa fiyus kusa da kan batir. A cire zobe da agogon ƙarfe kafin aiki, a kuma bar iska tana shiga, domin batir mai ruwa yana fitar da iskar da ke kama wuta. Buɗe cikin tsohuwar inbata aikin mai gyara ne, domin tana riƙe wuta ko bayan an cire ta. Haka ma haɗa ta da wayarin gida.

Bayan an sauya

Sabuwar inbata ba ta ƙara wa batir girma. Batir mai 100Ah yana ɗauke da kimanin wat-awa 1,200, amma rabi kawai ya kamata a sha daga na dalma idan ana so ya daɗe. Wayar da batirinta ke da 5,000mAh tana cin kusan wat-awa 19, ban da abin da ke salwanta a hanya. Ke nan waya ashirin da 'yan kai ne a cika ɗaya. Mai shagon da ke karɓar hamsin a batir ɗaya, uwar kuɗinsa yake ci.

Ga wanda waya kaɗai yake caji, akwai hanya mafi sauƙi: ƙaramar na'urar USB irin ta mota, wadda ke sauke bolt 12 zuwa 5 kai tsaye. Ba sai an ɗaga wuta zuwa 230 an sake sauke ta ba, don haka batir zai fi jimawa, kuma ko inbata tana wurin mai gyara, ciniki bai tsaya ba.