Agogo mai wani: Yadda za ku gane tsohon ɗan Japan a Kasuwar Sabon Gari

Duk wanda ya saba ratsa Kasuwar Sabon Gari ta Kano, wadda a hukumance ake kira Kasuwar Muhammad Abubakar Rimi, a Ƙaramar Hukumar Fagge, ya san ɗan teburin mai gyaran agogo: akwatin gilashi, batura, maɗaurai a rataye, da wani gwangwani da ake zuba agogunan da suka tsaya. Yawancinmu ba ma ko kallon gwangwanin nan, tunda waya tana faɗa mana lokaci. Amma a cikinsa, ko a ƙasan akwatin kaka a gida, akan tsinci agogon da ya girmi iyayenku, wanda bai san batir ba, kuma da za a wanke shi a ɗiga masa mai, sai ya ci gaba da aiki. A wasu ƙasashe nemansa ake yi ana tarawa. A nan kuwa sau da yawa akan ce ya mutu, a jefar. Wannan makon za mu nuna muku yadda ake gane shi, domin kada ku zubar da abu mai daraja, kada kuma a sayar muku da na bogi.

Daga ina suka fito?

A 1881 wani matashi mai suna Kintaro Hattori ya buɗe shagon sayar da agogo da gyaransa a birnin Tokyo. A 1892 ya kafa masana'antar Seikosha, wadda ta ƙera agogon hannu na farko a Japan, mai suna Laurel, a 1913. Sunan Seiko ya fara fitowa a fuskar agogon hannu a 1924. Kamfanin Citizen an kafa shi a 1930, Orient kuma ya biyo baya a farkon shekarun 1950. Abin mamaki, Seiko ɗin ne dai ya fitar da Astron, agogon hannu mai batir na farko irin wanda ake kira kwaz, ranar 25 ga Disamba, 1969. Daga nan kasuwar agogo mai wani ta fara ja da baya a duniya.

Mai wani, mai girgiza, mai batir

Matakin farko shi ne rarrabe ukun nan. Ku dubi hannun da ke ƙirga sakan. In yana tsalle sau ɗaya a kowane sakan, mai batir ne. In yana tafiya sumul kamar yana rarrafe, mai inji ne, domin yawancin tsofaffin injuna suna bugawa sau 18,000 a awa, wato sau biyar a sakan guda.

Mai inji kuma iri biyu ne. Wanda aka rubuta AUTOMATIC a fuskarsa yana da wani ƙarfe a ciki mai juyawa da motsin hannu, shi ke ba shi wani. Seiko 5 da dattawa da yawa ke ɗaurawa, wanda ya fara fitowa a 1963, irin wannan ne, kuma tsofaffinsa da dama ba sa karɓar wanin yatsa sam. Mai wani na ainihi ya fi siriri, in kun girgiza shi ba za ku ji komai na juyawa ba. In kun murɗa ɗan kan da ke gefensa za ku ji ƙiris-ƙiris, yana ƙara tauri har ya tsaya. Wannan murɗawar tana naɗe wani siririn ƙarfe ne a ciki, wanda warwarewarsa a hankali ke tura injin na kusan kwana ɗaya da rabi. Darasin kimiyya ke nan na ajiye ƙarfi, a ɗaure a tsintsiyar hannu.

Rubutun 17 JEWELS kuma kada ya ruɗe ku. Ba lu'ulu'un sayarwa ba ne. Ƙananan jajayen duwatsu ne guda 17 da aka sarrafa a masana'anta, aka dasa su inda ƙarafa ke juyawa don rage goguwa.

Takardar haihuwa a murfin baya

Ku juya bayan Seiko. Wanda aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1960 yana da lamba mai gurbi shida. Gurbin farko shi ne lambar ƙarshe ta shekara, na biyu kuma wata ne: 1 zuwa 9 daga Janairu zuwa Satumba, sifili ko harafin O na Oktoba, N na Nuwamba, D na Disamba. Misali, lambar da ta fara da 9N tana nufin Nuwamba na shekarar da ta ƙare da 9.

To, 1969 ko 1979? Sai ku nemi lamba ta biyu, mai gurbi huɗu, ɗan layi, da wasu huɗu. Huɗun farko sunan inji ne. In kun ga 6602, wannan inji mai wani ne da ya yi tashe a shekarun 1960 zuwa farkon 1970, don haka 1969 ce ta dace. Wannan lissafin na Seiko ne, kada ku ɗora shi kai-tsaye a kan Orient.

Hattara da ɗan haɗe-haɗe

Akwai agogunan da ake haɗawa daga gawarwakin wasu: inji daban, gida daban, fuska kuma an sake mata fenti. Masu tara agogo a duniya sun san irinsu, musamman waɗanda ake harhaɗawa a Indiya. Ga yadda za ku kama su. Lambar injin da ke murfin baya tana nan da ƙananan haruffa a ƙasan fuska, kusa da ƙarfe shida, tana kuma jikin injin kansa. Ku roƙi mai gyara ya buɗe muku, ku tabbatar ukun sun yi daidai. Fuskar da ke walƙiya kamar sabuwa alhali gidan duk ya goge, ko rubutu mai kauri da karkata, alama ce ta sabon fenti. In kun ga tsatsa a inji, ku haƙura da shi komai arharsa.

Kafin ku kashe kuɗin tara

Ku fara da gida. Ku tambayi Baba ko Kawu ko akwai tsohon agogon da aka ajiye, kuma kada ku ɗauka sai da izini. Ku ji labarinsa: wa ya saya, a ina, a wace shekara? Ku buɗe littafi ku rubuta suna, lambobi da labarin kowane agogo. In za ku kasuwa, ku tafi da babba, ku gaida mai gyara da ladabi, ku ce, "Baba, don Allah a nuna mana cikinsa." Ku yi wa agogon wani sau ɗaya a rana, ku tsaya da zarar ya yi tauri. Ku nisanta shi da ruwa, ƙura da maganaɗisun sifika, kuma kada ku buɗe shi da wuƙa ko reza.

Gobarar da ta ci dubban shaguna a wannan kasuwa a watan Maris na 2016 ta nuna yadda kaya kan salwanta dare ɗaya. Kamfanonin sun daina ƙera waɗannan tsofaffin injuna, masu iya kwance su su mayar kuma ba su kai masu canja batir yawa ba. Ɗalibin da ya zauna kusa da ɗayansu a hutun ƙarshen zango yana kallo yana tambaya, zai tashi da abin da ya fi agogo: sana'ar da ake nema har a wajen ƙasar nan.