Kwamfutar Da Aka Saya A Ikko, Zafin Bauchi Ke Gama Da Ita

Duk wanda ya saba ratsa kasuwar kwamfuta ta Ikeja, wadda ake kira Computer Village, ba zai rasa cin karo da 'yan Arewa suna ciniki ba. Wani daga Agege ya fito, wani daga Idi-Araba, wani ma tun daga Sabo ta Badun. Galibi ba don kansu suke saye ba. Akwai ɗa ko ƙane a Bauchi da ke karatun injiniya ko zanen gine-gine a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, wanda ya aiko cewa ƙaramar kwamfuta ba za ta ɗauki aikinsa ba, sai irin mai ƙarfin nan da aka ƙera domin wasanni. Mutum ya tara kuɗi wata da watanni, ya sayi tokumbo, ya ɗaure a kwali, ya ba direba saƙo.

To, ba a jima ba sai waya ta biyo baya. Na'ura ta soma gurnani, tana cijewa a tsakiyar aiki, wani lokaci ta mutu da kanta. Nan take sai zargi ya tashi: ko dai yaro ne ya lalata ta da wasan ƙwallo, ko kuwa mai shago ne ya yi ha'inci. Sau da yawa kuwa babu ko ɗaya. Zafi ne da ƙura.

Ga yadda abin yake. A cikin irin wannan kwamfuta akwai ƙananan ƙwaƙwalwa biyu, ɗaya mai lissafi, ɗaya mai zana hoto, kowacce faɗinta bai wuce kan sarki ba. Amma cajar da ke ciyar da su takan kai wat 180 zuwa 330, kuma kusan duk wutar da suka sha zafi take komawa. Domin fitar da shi an shimfiɗa bututun jan ƙarfe a kansu, da ɗan ruwa kaɗan a rufe ciki. Ruwan ya tafasa, tururin ya gudu zuwa wasu siraran ƙarafa da ke bakin tagar na'urar, fanka ta hura musu iska, ya huce ya komo. Direbobi za su gane wannan nan da nan, domin aikin lagireto ne sak.

Kamfanoni irin su Dell sun rubuta a takardunsu cewa a yi aiki da na'urar a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyas ba. Ikko, duk da gumin da ake sha, ba kasafai take haye wannan ba. Bauchi kuwa a watan Maris da Afrilu takan kai 38, wata rana har 40, balle ɗakin ɗalibi a Yelwa mai rufin kwano, an ɗauke wuta, fankar sama ta tsaya. Watau tun kafin a kunna ta an riga an ƙetare iyakar da aka gindaya mata. Idan ƙwaƙwalwar lissafi ta kusa digiri 100, ko mai zana hoto ta kai wajen 87, sai su rage gudu da kansu don kada su ƙone. Cijewar ke nan. In abin ya ci tura, na'urar ta kashe kanta.

Sa'an nan ga hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu fankar na zuƙar hazo kullum, yana haɗuwa da zaren bargo da na katifa, har ya zama wani ɗan tabarma a bayan siraran ƙarafan nan. Daga waje ba a ganinsa. Lokacin sanyi ba ya nuna illa, sai bazara ta shigo asiri ya tonu.

Saboda haka gyaran farko ba ya bukatar komai sai sukuddireba da burushi mai laushi. A kashe na'ura, a zare caja, a buɗe murfin ƙasa, a cire wayar batir kafin a taɓa wani abu. A kwance fankar a share bayanta. Mai hura iska ya riƙe fiffiken da yatsa, domin in ya bar ta tana juyawa da ƙarfin iskar, sai ta lalace. Wannan aiki ya kamata a yi shi ƙarshen hunturu kowace shekara, kamar yadda ake juyen baƙin mai.

Bayan wannan sai man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da farantin jan ƙarfe. Wani mai ne toka-toka mai kauri, aikinsa cike 'yan ramukan da ido ba ya gani domin zafi ya ratsa. Tokumbo da ta yi shekara uku ko huɗu a Turai ko Amurka kafin ta sauka Apapa, nata ya riga ya bushe kamar busasshiyar laka. Ana goge tsohon da sifirit, a ɗiga sabo kamar ƙwayar gero biyu ko uku, a mayar da farantin, a ɗaure kusoshin bi da bi yadda aka sa musu lamba, kada gefe ɗaya ya ɗage. Arctic MX-4 na cikin waɗanda aka sani, akwai kuma wani ɗan falle na kamfanin Honeywell mai suna PTM7950 da ke narkewa in ya ji zafi, ya fi daɗewa. Amma fa jabu sun yi yawa. Man goge haƙori kuwa, wanda wasu ke shafawa don a sallami mai kaya, kwana kaɗan yake bushewa. A gefen ƙwaƙwalwar akwai wasu 'yan katifu masu laushi. Kada a jefar da su, kada kuma a musanya da masu wani kauri dabam, in ba haka ba farantin ba zai zauna daidai ba.

A nan ne samari masu zafin kai ke shiga uku. Sun ga cewa narkakken ƙarfe ya fi kowane mai kwashe zafi, kuma gaskiya ne. Kamfanin Asus ya sa shi a kwamfutocinsa na ROG a shekarar 2020, Sony ma ya sa a PlayStation 5 a wannan shekara. Sai dai su a masana'anta suke yi, da shingen da ke hana shi malala. Ƙarfen galiyam ne, yana cin alminiyam, yana kuma ɗaukar wuta. Ɗigo ɗaya ya zubo kan allon na'ura, an gama. Kwamfutar da za ta sha gargada a jaka a bayan ɗan acaɓa daga Wunti zuwa Gubi ba wurin gwada wannan ba ce. Wanda tasa ta zo da shi daga kamfani, lalle ya gaya wa mai gyara kafin ya buɗe.

Haka nan huda murfin ƙasa. Akwai masu ɗaukar ƙusa mai zafi ko injin huda su yi wa murfin raga. A wasu na'urori zafin ƙwaƙwalwa kan ɗan sauka. To amma maƙeran sun tsara iskar ne ta bi ta kan wasu sassan kafin ta isa fanka. In an buɗe mata gajeriyar hanya sai waɗancan su rasa rabonsu, ƙura ta sami ƙofa, kuma ran da za a sayar darajar kaya ta faɗi. Ɗaga bayan na'urar da ɗan katako mai kaurin yatsa biyu a kan tebur ya fi wannan amfani, kuma kyauta ne. Katifa da darduma da cinya duk toshe tagar suke yi.

Akwai kuma gyaran da ba a kwance ko ƙusa ɗaya. Da, manhajar ThrottleStop ake sa wa a rage ƙarfin wutar da ƙwaƙwalwar Intel ke sha, amma tun da masu bincike suka bayyana wata kafar tsaro mai suna Plundervolt a Disambar 2019, kamfanoni da dama suka kulle wannan ƙofa. Abin da ya rage mai sauƙi ne. A tsarin wuta na Windows a mayar da iyakar aikin ƙwaƙwalwa kashi 99 maimakon 100, wanda a galibin na'urori ke hana ta zabura, a kuma tsayar da wasa a hoto 60 cikin daƙiƙa. Gudu ya ɗan ragu, zafi ya sauka sosai. Aiki mai nauyi kuwa a bar shi sai bayan isha'i ko da asuba.

Batir ma ba ya ƙaunar zafi. Idan aka ga murfi ya ɗago ko wurin shafa yatsa ya kumbura, a daina caji a canza shi, domin yana iya kama wuta.

Mai saye a Ikeja kuwa, kafin ya ƙirga kuɗi, ya sa mai shago ya kunna wasa mai nauyi na minti ashirin, da manhajar HWMonitor a buɗe tana nuna zafi. In ta haura 95 a shagon da ke da iyakwandishan, to Afrilun Bauchi ba za ta bar ta ba sai an yi mata aiki. Ya tabbata cajar tata ce ta asali, ya kuma sayi ɗan bututun man nan guda ɗaya ya jefa cikin kwalin kafin ya kai tasha.