Outright (kalmar Turanci)

Outright kalma ce ta Turanci da ke nuna cikar abu gaba ɗaya, ko yin sa kai tsaye ba tare da sharaɗi ko kwana-kwana ba. An gina ta daga kalmomi biyu, "out" da "right". Ana amfani da ita a matsayin bayanau tun wajen shekarar 1300, daga baya a ƙarni na 16 ta fara aikin sifa.

Ma'ana

Babu kalmar Hausa guda da ta ɗauke duk nauyinta, don haka mai fassara sai ya dubi jimlar. A "rejected outright" ana nufin an yi watsi da abu kwata-kwata. A "killed outright" lokaci ake nufi, wato mutum ya mutu nan take. "Outright lie" ƙarya ce tsagwaronta, shi kuwa wanda ya faɗi magana "outright" ya faɗe ta baro-baro. Sau da yawa amsa-kama irin su ɗungurungum da ƙiri-ƙiri sun fi kama ta fiye da "gaba ɗaya", wadda 'yan jarida kan jefa ko'ina.

A Turancin Najeriya an fi jin "outrightly", da ƙarin ɗafa-ƙeyar da ake gina bayanau da ita. Ƙarin bai zama dole ba, domin kalmar ita kanta bayanau ce, shi ya sa malaman Turanci kan ja mata jan biro. Duk da haka ta zauna daram a jaridu da bakin 'yan siyasa.

A cinikin gida da fili

A nan ne rashin fahimtarta ke jawo asara. Idan aka rubuta "outright sale" a takardar cinikin wani gida, misali a unguwar Kambarawa cikin birnin Katsina, ana nufin an sayar an sallama: ba haya ba ce, ba jingina ba ce, kuma mai sayarwa ba shi da damar dawo da kuɗi ya karɓi gidansa. Magajin da ya sa hannu yana zaton jingina ya bayar, to ya rabu da gidan ke nan. Haka kuma "bought outright" na nuna an biya kuɗi lakadan a lokaci guda, ba biyan kaɗan-kaɗan ba.

Sai dai cikar da kalmar ke nunawa tana da iyaka a doka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mai saye ke samu shi ne haƙƙin zama da amfani, wanda takardar C of O kan ƙayyade da shekara 99, kuma sauya hannun irin wannan haƙƙi yana buƙatar amincewar gwamna.

A zaɓe

"Outright win" na nufin cin zaɓe a zagayen farko. Tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa ɗan takarar shugaban ƙasa sai ya fi kowa ƙuri'u, kuma ya sami aƙalla kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi da Abuja, in ba haka ba a je zagaye na biyu.