Yadda cutar dajin fankiriyas ke yaɗuwa kafin a ankara

Fankiriyas gaɓa ce da ke kwance a bayan tumbi, wadda ke samar da sinadarin insulin da ruwan narkar da abinci. Cutar dajin da ke kama ta na daga cikin mafiya haɗari, domin takan bazu tun kafin alamunta su bayyana.

Ƙwayoyin halittar jiki suna aika wa juna saƙo ta hanyar sinadarai, a kan lokacin da za su hayayyafa da lokacin da za su dakata. Wata ƙwayar gado mai suna KRAS ce ke aikin makunnin wannan saƙo. A kusan kashi 90 cikin 100 na masu wannan cuta, makunnin yakan lalace ya kafe a kunne, sai ƙwayoyin su yi ta ninkuwa babu tsayawa. Daga nan wasunsu su ɓalle daga ƙarin, su bi jini zuwa hanta, wani lokaci har huhu.

Idan ƙarin ya toshe bututun matsarmama, idanu sukan koma rawaya, fitsari ya yi duhu. A yankin Kebbe da Tambuwal, kamar sauran karkara, akan ɗauki wannan a matsayin shawara, a yi ta jiƙe-jiƙe har lokaci ya ƙure, alhali tiyata ba ta yiwuwa sai an gano cutar da wuri.

Dattijon da ke fama da shawara tare da rama, ciwon baya ko ciwon suga da ya zo kwatsam, ya kamata a kai shi asibiti, a nemi turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato domin ɗaukar hoton ciki.