Keith Haring: Mai zanen da ya ƙi yin shiru kan ƙanjamau

Da yawanmu mun taɓa ganin su a jikin riga ko bayan waya ba tare da mun san mai su ba: wasu mutane marasa fuska da aka zana da layi mai kauri kamar suna rawa, da kare mai haushi, da jariri mai rarrafe yana fitar da haske. Aikin Keith Haring ne, ɗan Amurka da aka haifa a 1958.

A tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin New York ya yi suna. Daga 1980, duk inda ya ga allon talla an rufe shi da baƙar takarda, sai ya zaro alli ya zana abinsa cikin 'yan mintuna. 'Yan sanda sun sha kama shi. Salon nasa na cikin abin da ake kira Pop Art, wato zanen da ke aron kamanni daga tallace-tallace da katun. Irinsa ana buga shi da yawa, kamar yadda ake buga tambarin makaranta a jikin rigunanmu na wasanni.

Ana cikin haka ƙanjamau ta ɓulla. A watan Yunin 1981 hukumar CDC ta ba da rahoton wasu matasa 5 a Los Angeles da garkuwar jikinsu ta karye. Da yake yawancin waɗanda aka fara ganowa maza ne masu neman maza, sai jama'a suka laƙaba musu cutar, aka riƙa gudun duk mai ita. A 1985 wata makaranta a jihar Indiana ta hana Ryan White, ɗan shekara 13, shiga aji. Shi kuwa ta maganin ciwon rashin daskarewar jini, wanda ake haɗawa daga jinin mutane, ya kamu. Shugaba Reagan bai yi wani babban jawabi kan cutar ba sai a 1987.

Haring bai ɓoye cewa yana cikin rukunin mazan da ake nunawa da yatsa ba, kuma abokansa na ta mutuwa. A 1988 likitoci suka tabbatar shi ma yana da ƙanjamau. A 1989 ya faɗa wa duniya da bakinsa, ya kuma zana wa ƙungiyar ACT UP wata fasta: mutum uku masu launin rawaya, ɗaya ya rufe ido, ɗaya ya toshe kunne, ɗaya ya kama baki, kowanne da alamar X a ƙirji. Rubutun sama na daidaita jahilci da tsoro, na ƙasa na daidaita shiru da mutuwa.

Ku lura da abin da babu a ciki. Babu gadon asibiti, babu ramammen jiki, babu fuskar da za ka ce ai wane ne. Launukan masu fara'a ne, har sai ka matso kana shirin murmushi kafin ka gane da kai ake. A ganinmu, nan dabarar take: ya ɗauke kunyar daga kan mai ciwo, ya ɗora ta kan wanda ya ƙi gani, ya ƙi ji, ya ƙi magana. Ba sai mun yarda da yadda Haring ya yi rayuwarsa ba kafin mu ga cewa ƙyama ba ta tsayar da ƙwayar cutar ba, mutane ta hana zuwa gwaji.

Tun 1986 da ya buɗe kantinsa, Pop Shop, masu sukar zane ke cewa ya mayar da fasaha kayan kasuwa. Amma wannan arha ce ta kai zanensa jikin matasan da ba su taɓa taka gidan baje kolin zane ba.

Ya rasu ranar 16 ga Fabrairun 1990 yana da shekara 31. Ba a cika wata biyu ba Ryan White ya bi shi, yana ɗan shekara 18. A watan Agustan shekarar Amurka ta kafa dokar tallafa wa masu ƙanjamau, aka sa mata sunan yaron da aka hana shiga aji.