Gwajin ƙwayoyin fitsari: shin yana gano sankarar mafitsara?

Wanda ya shekara da shekaru yana aiki a majemu ko masaƙun Sharaɗa, Challawa da Bompai, idan ya wayi gari ya ga jini a fitsarinsa ba tare da zafi ba, kada ya ce tsargiya ce kawai ya yi shiru. Tun a 1895 wani likitan Jamus, Ludwig Rehn, ya lura da yawan ƙarin mafitsara a tsakanin ma'aikatan kamfanin rini. Wasu sinadaran rini da na roba sukan bi jini su sauka cikin fitsari, kuma cutar kan ɗauki shekara 20 ko fiye kafin ta bayyana, wani lokaci bayan mutum ya daɗe da barin aikin. Shan taba yana ƙara haɗarin, haka ma tsargiyar da ta daɗe ba magani.

A wannan gwaji, ana tace fitsari a duba ƙwayoyin da suka zubo daga bangon mafitsara a ƙarƙashin madubin likita. Ba allura, ba zafi. Idan ya nuna sankara, da wuya ya yi ƙarya, ko da yake tsakuwa ko ciwon sanyin fitsari kan rikita hoton. Mugun nau'i mai saurin yaɗuwa kuwa, yana kama kusan 8 cikin 10.

Matsalar tana wurin ƙari mai girma a hankali. Ƙwayoyinsa sun yi kama da lafiyayyu, ba sa kuma zubowa da yawa, don haka gwajin yakan rasa mafi yawansu. Mun sha ganin majiyyaci ya riƙe takardar da ta ce ba a ga komai ba, ya koma gida da murna, alhali jinin bai daina ba. Wannan takarda ba ta wanke mafitsara ba. Abin da ke raba gardama shi ne leƙa cikinta da siririyar kyamara, tare da hoton ƙoda, domin ƙarin na iya kasancewa can sama. Likitocin mafitsara a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Abubakar Imam za su shirya maka hakan.

Ranar gwajin, kada ka kawo fitsarin farko na asuba, ƙwayoyinsa sun lalace da kwana. Ka sha ruwa, ka ba da na biyu, a kai shi ɗakin gwaji da wuri. Kuma ka gaya wa likita irin aikin da ka yi da shekarun da ka yi a kansa, ko da bai tambaya ba.